Bayan Dawowar Daudu

Shekara biyu da ƙare yaƙin basasa aka sallami Daudu daga soja, ya dawo Gwiwa yana ɗingishi. Matarsa Saude ta yi murnar kwana uku. A rana ta huɗu tulu ya suɓuce mata ya fashe a tsakar gida. Kafin ta ankara Daudu ya fizgo 'yarsu Asma'u, ya yi ruf da ciki a kanta, ya toshe mata baki da tafin hannu. Sai da maƙwabta biyu suka ɓamɓare shi. Yarinyar, 'yar shekara tara, ta tashi ba ko ƙwarzane, amma daga ranar ba ta ƙara cewa uffan ba.

Saude ta yi iya yinta. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je wajen mai magani a Roni. Damina ta wuce, Asma'u na zaune a bayan rumbu tana tsige gashinta har gefen kanta ya zama sanƙo.

Wata mai tallan nono ce ta ba Saude labarin Hajja Kaka, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke zuwa Kazaure daga Kano kowace Laraba. Ta ce ba ta allura, zama take yi da mutum. Saude ta riƙo hannun 'yarta suka hau motar kasuwa.

Hajja Kaka ta shimfiɗa tabarma, ta ba yarinyar curin laka ta yi wasa, sannan ta juyo ta tambayi Saude ko ita tana iya cin abinci. Ba wanda ya taɓa tambayarta haka. Ta buɗe baki za ta amsa, sai kuka ya ƙwace mata.

A Laraba ta uku Asma'u ta gina ɗan tulu da lakar, ta murƙushe shi, ta ƙura wa uwarta ido.

"Ba iska ba ce, 'yata," in ji Hajja Kaka. "Tsoro ne. Gani take ƙara ce ke jawo masifa a gidanku, shi ya sa ta yi shiru. Ki zo min da babanta."

Daudu ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Sai da aka yi wata guda ya yarda. Da suka je wurin Hajja Kaka, ya zauna a bakin ƙofa yana murza hularsa, aka fita da yarinyar. Can ya ce wata rana a fagen daga sun ɓuya cikin rami da wasu 'yan ƙauye, wani yaro na ta kuka, shi kuwa ya rufe masa baki don kada a ji su.

"Da na ɗaga hannuna, Hajja, ba ya numfashi."

Hajja Kaka ta daɗe tana lallashinsa, ta rubuta masa takardar ganin likita a Kano. Ya karɓa da hannu biyu, amma bai je ba. Da kaka ta wuce ya bi wani kamfanin gina hanya zuwa kudu, ya ce wa Saude yarinyar za ta fi samun sauƙi in ba ta ganinsa. Ba a jima ba aka yi wa Hajja Kaka canjin wurin aiki, ba a turo kowa a madadinta ba.

Da bazara Asma'u ta fara magana, ƙasa-ƙasa, kuma da uwarta kaɗai. Wata safiya Saude na tankaɗe, yarinyar ta matso ta tambaya ko ita ce ta kori Baba. Saude ta ce a'a, ta sake cewa a'a. Ta ga alama yarinyar ba ta yarda ba.