Tuwon Gidan Malam Gide

Tun daga nauyin langar, Lauratu ta san abin da za ta gani. Ta ɗaga murfin duk da haka. Tuwon dawa ne malmala guda da ya cika langa, an ɗan rarake shi ta gefe ɗaya, sauran yana nan sumul yadda ta kwashe shi.

"Yau ma, Malam?"

Mijinta Malam Gide ya zauna a hankali, hannunsa dafe da gefen cikinsa na hagu. "Sun ce sun ƙoshi."

"Sun ƙoshi! Shekara ashirin suna suɗe mani langa, ba su ƙoshi ba sai bana?"

A unguwarsu ta Ketare magidanta biyar ne ke ciyayya a ƙofar gidan Alhaji Almu. Bayan magariba kowa ya fito da abincin gidansa, a haɗa hannu a cinye kwano ɗaya, sannan a jawo wani. Haka ake yi har ranar da ciwo ya kai Malam Gide asibiti a Zariya. Likitoci suka yanke masa hanji, suka huda gefen cikinsa, suka manna masa 'yar jakar roba inda bayan gida ke taruwa. Ya dawo da ransa, abokai suka yi ta barka. Amma da aka zauna cin abinci, sai kowa ya ja kwanonsa nesa da hannun Malam, aka bar masa langarsa shi kaɗai.

Abin ya ƙona wa Lauratu rai. Shekarar kuɗin Udoji ce, da gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, kasuwar Kankara ta cika da rediyo da agogo da shinkafar ƙasar waje, amma jakar nan ko ta magani babu, sai an je Zariya, can ma sai an dace. Dole ta riƙa wanke tsofaffin da sabulu da ruwan zafi tana shanyawa bayan rumbu. To, shi ne laifinta: hannun da ke wanke jaka shi ke tuƙa tuwo. Ai kuwa matan abokan nasa da ke wanke kashin yara safe da yamma, da ƙafa suke tuƙi ke nan!

Washegari ta leƙa ta katanga ta kira Asma'u, matar Alhaji Almu.

"Miƙo mani shuɗiyar langar taki, ga tawa fara. Ki zuba naki a tawa, in zuba nawa a taki."

"Goggo, in Alhaji ya gane fa?"

"Mi zai gane? Mutumin da bai ɗaga kai in yana ci?"

Asma'u yarinyar kirki ce, sai dai hannunta a miya Allah Ya kyauta. Gishiri kamar da gayya, kanwa kuma ba a magana.

Daren nan shuɗiyar langa ta koma gida fes, har da santi. Alhaji Almu ya ce wa matarsa ashe dai ta iya miyar kuka take ɓoyewa. Lauratu ta ji ta bayan katanga, ta yi dariya har da hawaye. Kwana uku ana haka. A na ukun Malam Gide ya shigo yana cije baki, jaka ta kumbura da iska har ana ganin tudunta ta cikin riga.

"Lauratu, ki bar wasan nan. Su suna cin daɗi, ni nike kwana da kanwar Asma'u."

Ta tsaya da muciya a hannu. Sai yanzu ta tuna wanda ke cin abin da ke cikin farar langa. "Ka sani ashe? Ka yi shiru?"

"Tun loma ta farko. Na bar ki ne ki huce."

Ba ta huce ba, haushi ma ya ƙaru, har da na kanta. Ta mayar wa Asma'u langarta, ta zuba tuwonta a inda ya saba zama, ta zabga man shanu kamar mai ramuwa. Wanda ya ga dama ya ci, wanda bai ga dama ba awaki na nan.

Bayan isha'i Malam ya dawo, langar tana lilo a hannunsa ba nauyi.

"Alhaji ya buɗe ta gidansa, ya kai loma guda, ya janye hannu," in ji shi. "Can sai ƙamshin tawa ya kai masu. Shi ya fara matsowa, sauran suka biyo."

"Sun ce wani abu?"

"Sun ce bismilla."

Ta karɓa ta buɗe kusa da fitila. An cinye ta gefe huɗu har ƙasan langa na ƙyalli, an cinye ta gefen Malam. A tsakani kuwa an bar siririn tuwo tsaye, kaurin yatsa biyu, daga wannan baki zuwa wancan, ba wanda ya taɓa shi.

Ta daɗe tana kallon siririn tuwon. Sannan ta sa hannu ta gutsura ta kai baki, ta ce wa Malam ya ciro jakar ta wanke tun ruwan bai huce ba.