Jif ɗin Ejiofor

"Taka ta, Gregory! Taka, kar ka ji tsoro!" in ji Ejiofor daga ƙarƙashin jif ɗinsa.

Na taka totur. Motar ta yi ruri, baƙin hayaƙi ya cika shagon, shi kuwa yana kwance dab da salansar motar, inda hayaƙin ke fita, yana dariya yana tari. Ɗaliban Samaru uku da ke jiransa suka hau tafi. Ba wanda ya kalle ni.

Shekara goma sha ɗaya shagunanmu na manne da juna a Chikaji, gidajenmu ma layi ɗaya ne a Sabon Gari. Na riga shi koyon kanikanci. Amma tun da ya fara cire matatar hayaƙin da ke cikin salansa, don mota ta ƙara amo da gudu, samari suka koma wurinsa. Ran Lahadi bayan coci sukan bi shi dajin bayan Zabi, su yi ta hawa kwazazzabai, su dawo da laka har rufin mota, wani lokaci da ganyen masarar mutane a tayoyi. Ni ina zaune ina gyara birkin adaidaita.

Da ɗaliban suka tafi na ce masa, "Hayaƙin nan zai cinye maka ƙirji. Yaran layin nan ma shi suke shaƙa."

Ya goge baki da bayan hannu. "Oga Greg, wa'azi kake yi ko baƙin ciki?"

Ya gano ni. Ban sake yi masa maganar ba, ko lokacin da tarin ya fara durƙusar da shi a bakin kwata.

Da damina aka kwantar da shi a asibiti. Matarsa Oluoma ta tare ni a ƙofa ta ce likita ya ce huhun ya lalace. Na tarar da shi ya rame, robar iska a hancinsa. Samari sun cika baranda da lemo da ayaba. Ko a nan sai da na tambayi kaina wa zai zo in ni ne a gadon.

Ya yafito ni. "Ka mayar wa jif ɗin matatarta," ya ce a hankali. "Tana ƙarƙashin benci. Oluoma za ta riƙa kai yara makaranta da ita."

"Me ya sa ni?"

"Hannunka ya fi nawa kyau. Kai ma ka sani."

Shekara goma sha ɗaya ina jiran wannan magana, da ta zo kuma na kasa kallonsa.

Ya rasu ran Alhamis da hantsi, ina ƙarƙashin motar ina ɗaure kusoshi.

Ranar da za a kai gawarsa garinsu a kudu, motocin samarin suka raka ta har bakin gari suna ruri, mata na toshe wa jarirai hanci da zane. Ina baya a jif ɗin, ita kaɗai ce ba ta ƙara. Sau biyu na ƙirga motocin, ina tunanin ko nawa za su raka tawa gawar.

Da na dawo layi na tarar da ƙanwar Oluoma tana wanke rigar aikin Ejiofor a bakin famfo. Ta matse rigar, ta sake tsoma ta. Baƙin ruwan ya bi kwata a hankali, ya wuce ta ƙofar gidana.