Mai Rai ko Busasshiya

Da aka kwantar da Baba a asibiti, abu ɗaya ya roƙi Auta: ta kula masa da jan kifinsa da ke akwatin gilashi a falo. Ya ce abincinsa na cikin firji, a wata 'yar roba.

Da ta buɗe robar, sai ga jajayen tsutsotsi suna mutsu-mutsu kusa da madarar yara. Ta juye su a shara, ta nufi shagon masu kifi.

"Mai rai ko busasshiya?" in ji mai shagon. "Kifin da ya saba da mai motsi fa, da wuya ya kalli busasshiya."

"Tsutsa ai tsutsa ce. Ba ni ta gwangwani."

Kullum in ta barbaɗa, kifin ya taso, ya ɗan taɓa, ya tofar, ya koma bayan dutse ya lafe. Tana gani, sai ta kau da kai. In Baba ya tambaya, ta ce lafiyarsa ƙalau.

Sai da aka ce gobe sallama ta ruga ta sayo mai ran. Amma ina, kifin ya riga ya rame, rama kuwa ba ta cikowa a yini ɗaya.

Baba ya shigo yana dogara sanda, ya daɗe tsaye gaban gilashin. Auta na bayansa riƙe da jakarsa, tana jiran faɗa.

Bai ko waiwayo ba. Ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya ce a hankali, "Allah sarki, abokina. Ashe kewata ce ta hana ka ci."