Sallar da Kubra ta Ajiye

Shekara goma sha tara Zuliha da maƙwabciyarta Kubra suka yi suna turara shinkafa a fili ɗaya, gefen hanyar ruwan da ta ratso ta bayan unguwarsu a Kura. Tare suke jiƙa shanshera, tare suke shanya. In ɗaya ta samo maganin ciwon gwiwa, sai ta ɓalli rabi ta miƙa wa ɗayar. Haka matan unguwar suke yi, kuma zumunci suke ɗaukarsa.

Zuliha aka fara jarraba da zafin jiki. Tun da aka cire mata mahaifa, sai zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji ya haye fuska, gumi ya jiƙa ta sharkaf, ga kuma wutar murhu. Likitar da take gani ta rubuta mata wata ƙwaya mai sauƙin ƙarfi, ɗaya kullum. Ta ce tana mayar wa jiki sinadarin da yake raguwa idan mace ta daina al'ada. Ba a yi wata guda ba Zuliha ta samu kanta.

Kubra kuwa shekararta huɗu da daina al'ada, kuma irin zafin nan ne yake cin ta. Ran nan Zuliha ta gan ta tana sheƙa wa kanta ruwa a ka, sai ta kwance bakin zane ta ba ta rabin maganinta. Da ya ƙare, Kubra ta kai ledar maganin kemis aka ba ta irinsa. Ranar da aiki ya yi yawa ma biyu take sha.

Wata shida bayan haka, ana tsakiyar kakar shinkafar rani, Zuliha ta lura Kubra ba ta tashi idan an kira azahar. Da abin ya kai kwana tara, ta ɗauki buta ta ajiye a gabanta.

“Kubra, lokaci fa yana wucewa.”

“Yi taki, Yaya. Ni ina hutu.”

“Hutun me, da jikoki biyar?”

Kubra ta waiga, ta rage murya tana dariya. “Yarinta ce ta dawo min. Jini nake gani. Don Allah kar Dattijo ya ji, yanzu sai ya ce zai sake haɗa min lefe.”

Dattijo mijinta ne, kuma da a wata rana ce da sun yi ta ƙyaƙyatawa. Amma Zuliha ba ta yi dariya ba. Ta tuna likitar ta tambaye ta har sau biyu ko mahaifar gaba ɗaya aka cire, sannan ta ce, “To, ke wannan kaɗai ya ishe ki.” A lokacin ba ta tambayi dalili ba. Kubra kuwa tana da tata mahaifar.

“Tashi mu je asibiti.”

“Haba Yaya! Duro biyu a kan wuta? Kuma in je in ce musu me, tsohuwa da ni? Haila ce, za ta ɗauke.”

“Hailar da ta tafi shekara huɗu ba ta dawowa haka kawai.”

“Wa ya faɗa miki?”

Ba wanda ya faɗa wa Zuliha. Sai ta durƙusa ta shiga zare itace daga murhu ɗaya bayan ɗaya, tana tsoma su a ruwa. Kubra ta tsaya tana kallon tururin yana lafawa, ta san shinkafar nan ta tashi daga aiki. Ba ta taɓa ganin Zuliha ta kashe wuta a tsakiyar turara ba. Ta shiga gida ta ɗauko hijabinta.

A gaban likitar Zuliha, Kubra ta sunkuyar da kai. Zuliha ce ta ajiye ledar maganin a kan tebur.

“Likita, ni na ba ta. Naki ne da kika rubuta min.”

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi wata nawa, ƙwaya nawa a rana, ta rubuta. Sannan ta ce, “Mama, mai mahaifa ba a ba ta wannan shi kaɗai. Yana kaurara fatar cikin mahaifa, sai an haɗa shi da wani mai tsare ta. Yawan da za a sha kuma kowace mace da nata. Jinin nan ba al'ada ba ce. Sau da yawa ba mugun abu ba ne, amma ba zan ce komai ba sai mun duba.”

“To sallolin da na bari fa?” in ji Kubra.

“Wannan ki tambayi malamarku ta Islamiyya, ki faɗa mata abin da na ce. Maganin dai ki ajiye shi daga yau.”

Aka yi hoton ciki. Fatar mahaifar ta yi kauri, aka ce za a ɗan ɗebi kaɗan a kai gwaji Kano, sakamako sai bayan mako biyu.

Suka zauna a benci suna jiran a kira Kubra a ɗiba. Zuliha ta ce, “Ki yafe min, Kubra.”

“Sauƙi kika nema min. Ni na ƙara wa kaina ƙwaya ta biyun.”

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira sunanta. Kubra ta miƙe, ta yi taku biyu, ta tsaya.

“Yaya, tsoro nake ji. Shigo tare da ni.”

Zuliha ta tashi ta riƙe mata hannu, suka shiga.