Kason Safiya

Wayon da muka yi ni da ƙawata Safiya a zangon ƙarshe shi ne raba littattafai. A jarrabawar kwatanta adabi littafi biyu ake haɗawa, a ce ka rubuta yadda kowanne ya kalli amana da haƙƙin ɗan'uwa. Na ɗauki na Hausa, ita ta ɗauki na Turanci tunda ta fi ni jin yaren. Kullum bayan la'asar sai mu zauna a barandarmu ta Unguwar Sarki, kowacce ta ba 'yar'uwarta labarin kasonta. Saura babi huɗu ta gama ba ni nata, mahaifiyarta ta rasu.

Ban je gaisuwa ba. Ranar farko na ce gidan cike yake, ba ma za ta gan ni ba. Ranar uku na ce unguwarsu Rigasa da nisa, ga karatu. Na tura saƙon waya mai doguwar addu'a, na ji kamar na sauke nauyi. Mamata ta yi ta faɗa, wai ba a yi wa ƙawa ta'aziyya da ɗan yatsa, na yi kunnen uwar shegu da ita. Haka na zauna ni kaɗai ina haddace sharhi a kan zumunci, ga kujerar Safiya a gefena ba kowa. Kewarta ta dame ni ƙwarai, amma kullum kunya sai ta ƙara danne ni.

Sai da jarrabawa ta rage kwana biyu na tuna ban san yadda littafin Turancin ya ƙare ba. Na hau keke zuwa Rigasa, ina ta gaya wa kaina gaisuwa ce ta kai ni.

An riga an naɗe tabarmin makoki. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa, duk ta rame. Na durƙusa na yi mata ya haƙuri, ta amsa da irin ladabin da ake yi wa baƙuwa. Kafin in ƙara magana ta shiga ɗaki ta fito da littafin rubutu. Babi huɗun nan ne, ta taƙaita su tsaf, har da lambar shafi. Ta ce ita ta ɗage jarrabawarta zuwa baɗi.

"Tun ranar bakwai na rubuta miki, Ilham," in ji ta. "Na san za ki zo karɓa."

Na so in ce ba don shi na zo ba, amma ni kaina ban tabbata ba. Na sa hannu biyu na karɓa.

Tambayar ta fito yadda muka zata. Na cika shafi shida a kan amana, rabinsu da kalmomin Safiya, kuma na ci. Da malaminmu ya gan ni a bakin aji, sai ya yaba mini, ya ce da gani na san abin da nake magana a kai.