Goyon Asibi

Shekara arba'in Dalhatu Mai Hoto yana ɗaukar mutanen Gwarzo da tsohuwar kyamararsa mai fim, amma matarsa Asibi ba ta da hoto ko ɗaya daga hannunsa. Kullum sai ya ce ai ita tana gida, ba inda za ta. Sai ga Asibi, da shekara sittin da ɗoriya, ta sauke Alƙur'ani a Islamiyyar matan aure, aka kuma sa bikin saukar a Kabo da safiyar Asabar. Dalhatu ya rantse wannan hoton shi zai ɗauka. 'Yarsu Kamila ta ce tana da waya, ya yi mata kallon da ya sa ta mayar da ita jaka.

Abin da bai faɗa wa kowa ba, kyamarar ta tsufa kamar mai ita. Da sanyi ya shigo sai ta koyi nawa: ya danna yanzu, ɗan ƙyauren cikinta ya buɗe sai ya ga dama, ya rufe sai ya huta. A wani suna a Madadi, kafin ta ce ƙyas liman ya shafa fatiha har ya nemi takalminsa. Kuma hoto ɗaya tak ya rage a fim ɗin.

Ana gobe sauka ya cire fim ɗin a ɗakin duhu, ya zauna a tsakar gida yana gwada ta. Ya sauya batir, ya goge, ya hura. Ga mamakinsa, da rana ta ɗaga sai ta koma garau. Asibi tana gefe tana ɗumama kwalbar man shanu da ya daskare, ta tambaye shi ko akwai mai a cikin abin nan. Ya ce akwai mana. Ta ce to ai ba lalacewa ta yi ba, sanyi take ji.

Kusa da garwashi ba ta kaiwuwa, a aljihu kuwa iskar kan babur za ta ratsa ta. Da safe ya mayar da fim ɗin, Asibi ta naɗe kyamarar da tawul, ta ɗora a baya, ta ɗaure da majanyi, ta zura hijabi.

"Hajiya, ranar saukarki ce fa. Dariya za a yi miki."

"Malam, na goyi bakwai. Tuƙa mu tafi."

A Kabo mata suka yi ta tambayar jikan wa ta goyo, wata har da leƙawa. Asibi ta ce barci yake, kada a tashe shi. Sai da aka kira sunanta ta kwance ta miƙa wa Dalhatu. Ya ji kyamarar da ɗumi a tafinsa. Malamin Islamiyyar ya miƙa allo, Asibi ta sa hannu biyu, Dalhatu ya danna. Ƙyas, nan take.

Da ya wanke hoton komai ya fito tsaf, har rubutun allon ana karantawa. Ga Asibi a tsaye, kai a sama, bakin majanyin yana leƙowa ta ƙasan hijabi. Kamila ta ce a yanke wajen. Dalhatu ya ƙi. Ya sauke hoton kansa da ya daɗe a ƙofar shago, ya rataye nata, duk wanda ya shigo kuma majanyin yake fara nuna masa.