Karen da Hasana Ta Bari

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris na 1989, muka binne matata Hasana. Kafin la'asar karenta ya yaga wa Ɗahiru direba hannun riga a wajen zaman makoki.

Tsintau take kiransa. A bayan mahauta na Babbar Kasuwa ta tsince shi, kansa a fashe, ta kawo mini shi Unguwar Sarki cikin kwali. Ban so shi ba. Daga zuwansa kuma ta daina durƙusa mini in ta kawo abinci tsakar gida, sai ta miƙo mini a tsaye. Na ɗauka raini ne. Shekara biyu ina amsa mata magana da kalma ɗaiɗai. Sau ɗaya ta ce, "Malam, ka karanta littattafai ɗaki guda, amma karanta kunnen kare ya gagare ka." Na juya shafi.

Bayan sadakar uku Mai Unguwa Inuwa ya zo.

"Malam Tukur, jama'a sun yi haƙuri saboda marigayiya. Daga nan zuwa arba'in ka rabu da shi, ko a sa masa guba."

"Ranka ya daɗe, wa zai sa?"

"Jama'a."

"Jama'a ba ta da hannu. A turo mini mutum mai suna."

Shekara talatin na yi a maɗaba'a ina farautar kurakuran wasu. Na kafa kujera a zaure, na ɗaure karen da sarƙa, na sa masa ido kamar shafin da za a buga gobe. Mai tallan goro ya wuce, bai motsa ba. Mai ruwa ya shigo da garwa, ko kallo. Sai ga Ado maƙwabcina ya zo ta'aziyya. Tun yana bakin ƙofa Tsintau ya yi hamma, alhali ba barci yake ji ba. Ya lashi hanci. Kunnuwa suka kwanta, farin idonsa ya fito. Ado ya durƙusa zai gaishe ni, hannunsa ya nufi ƙasa, sarƙa ta miƙe har ta yi ƙara.

A garin nan duk wanda ya sunkuya a gaban kare dutse zai ɗauka. Tsintau bai san ladabi ba, ya dai san abin da ya fasa masa kai. Marasa kunya suna wucewa lafiya, masu tarbiyya yake kai wa cizo.

Na fara aiki da gwiwoyin nan nawa masu ƙara. Daga taku goma sha biyu zan durƙusa, in jefa masa guntun ganda, in tashi. In ya lashi hanci, na matsa da yawa ke nan, sai in ja baya. Ban taɓa dukansa don ya yi gurnani ba, domin gurnani gargaɗi ne, kuma na fi tsoron karen da aka hana gargaɗi. A mako na uku na kai taku biyar. Mata suna leƙe ta katanga suna cewa mutuwar Hasana ta taɓa mini kai, ga ni ina gaida kare.

Ranar arba'in Mai Unguwa ya zo da Ɗahiru.

"Baba, rigar nan ma sabuwa ce fa," in ji Ɗahiru.

"Durƙusa daga nan. Kada ka kalle shi a ido. In ya yaga ta, tawa na nan."

Ya durƙusa yana salati. Tsintau ya lashi hanci, kunne ɗaya ya kwanta. Sai ya juyo ya dube ni, yana jiran gandarsa.

"To in ba ka nan fa?" in ji Mai Unguwa.

"Ina zan je? Ku daina jifa, ku ci gaba da gaisuwa. Kare na nan."

Bai ce ya yarda ba. Bai kuma sake zuwa ba.

Da suka tafi na zauna a tsakar gida, daidai inda Hasana take tsayawa da kwano a hannu, ni ina kallon littafi, karen yana kallon gwiwoyinta. Tun makon farko ta gane abin da ya ɗauke ni shekara biyu da kabarinta kafin in gane.

Hasana, na san abin da ya sa kika daina durƙusawa. Ki yafe mini.